Ruwan foraj ɗina pH 8,2, mi zan sa ya sauka?

MaiGarka_Tawa:
Assalamu alaikum ƴan'uwa manoma. Ina da ƴar garka nan bayan garin Tawa, ina renon tumatir da tattasai cikin leda da bokitai, ga kuma layin salati a ƙasa, ruwan duka na foraj ne, tano muke cikawa da sahe. Matsalar ita ce sabbin ganyen da ke tohowa sama suna hitowa ɗorawa-ɗorawa har su kusa yin hwari, amma jijiyoyin ganyen suna nan kore shar, tsohin ganye na ƙasa kuma lahiya lau. Na zuba takin ire, na zuba takin 15-15-15, shiru. Wani yaro da ya yi karatun noma ya zo da na'urar awo ya tsoma cikin tano ta nuna pH, wato awon tsamin ruwa, 8,2, ya ce ruwan ne, sai an sauke shi wajen 6. Kuma tiyon gut-a-gut, na ban ruwa ɗigo-ɗigo, ramukan sai toshewa suke da wani hwarin abu. To mi ake sawa? Wasu sun ce lemun tsami, wasu binegar, wani ma ya ce ruwan batir, wannan kam ya ba ni tsoro tunda yara ɗanye suke cin salatin nan. Don Allah wanda ya sani ya taimaka, lokacin dashe ya matso.

Hajiya_Yamai:
Wa alaikumus salam Malam. Ni cikin gida nike nawa, bokitai ne da tsohin tayoyi, na'ana'a da salati da ɗan tumatir. Garin tsamin nan da masu bisap da lemun haɗi ke saye, shi nike sawa, ya hi lemun tsami arha nesa ba kusa ba, kuma shi ƙarhinshi ɗaya ne kullum, lemu kuwa wani ya yi tsami wani bai yi ba. Amma ka haɗa ka yi ban ruwa nan take, in ya kwana cikin tano gobe ka auna za ka ga ya koma sama. Da damina kuma ina tara ruwan sama daga indararo, shi ba ya buƙatar komi, shuka na son shi ƙwarai. Ruwan batir dai a'a wallahi, kar ka kai shi kusa da abin da yara za su ci.

Teknisiyan_Adar:
Malam Mai Garka barka da aiki. Abin da ka bayyana, sabon ganye ɗorawa da jijiya kore, alamar ƙarancin sinadarin ƙarhe ce. Ƙarhen yana nan cikin ƙasar, sai dai idan pH ya wuce 7,5 yana ƙamewa, saiwa ba ta iya jan shi, shi ya sa ko buhu guda na ire ka juye ba za ta gyaru ba. Da ƙarancin azot ne, sinadarin da ire ke badawa, tsohin ganyen ƙasa ne za su fara yin ɗorawa, ba na sama ba.

Amma ina so ka gane wani abu, lambar 8,2 ɗin ba ita ce babbar magana ba. Yankinmu na Adar duwatsun farar ƙasa gare shi, abin da ya sa ma aka kafa masana'antar siminti a Malbaza ke nan, to ruwan da ya ratsa irin duwatsun nan yana ɗauko bikarbonat, shi ne ke kawo hwarin abin da ke toshe maka tiyo, kuma shi ne ke cinye asid ɗin da ka zuba. Foraj biyu za su iya nuna 8,2 dukansu, ɗaya ɗan tsami kaɗan ya sauke shi, ɗaya kuwa sai ka ninka sau uku ko huɗu bai motsa ba. Don haka duk wanda ya ce maka "sa cokali kaza a tano" bai auna ruwanka ba, ƙaddara kawai yake yi. Kuma cikin leda da bokiti abin ya hi muni, ƙasar kaɗan ce, kowane ban ruwa yana ƙara mata farar ƙasa, ga zahin Tawa ruwa na tashi ita tana zama.

Ga yadda za ka yi. Ɗebi lita 10 cikin bokiti. Narka giram 100 na garin tsamin da Hajiya ta hwaɗi cikin lita ɗaya na ruwa, ka samo sirinji a farmasi, ka riƙa zuba mililita 5, ka motsa sosai, ka ɗan jira, ka auna, ka ƙara, har ya kai tsakanin 6 da 6,5. Da farko za ka ga kamar ba ya sauka, sannan in ya kusa sai ya rufto gaba ɗaya, to nan ne ake yin hankali, don awon pH kowane mataki ninki goma ne, 5 ya hi 6 tsami sau goma, kuma ƙasa da 5,5 saiwa na fara wahala. Abin da bokitin ya ci ka rubuta, ka ninka sau 20, na tano mai lita 200 ke nan. Ka sake awon in damina ta wuce da kuma cikin bazara, ruwan ƙasa yana canzawa.

Maganar Hajiya gaskiya ce, tsamin lemu da binegar ƙwayoyin halitta na cinye su, shi ya sa pH ke komawa sama. Masu manyan gonakin gut-a-gut asid fosforik ko nitirik suke sawa, su ba su komawa haka, har taki suke ƙarawa, fosforik ya ba da fosfor, nitirik ya ba da azot. Sai dai suna ƙuna, dole safar hannu da tabarau, kuma asid ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa cikin asid. Na'urar yaron nan ma a tabbata an daidaita ta da ruwan gwaji na 4 da na 7, in ba haka ba ƙarya za ta yi ta hwaɗa maku.

DattijonGalmi:
Ƙanena, na leda da bokiti ka bi maganar teknisiyan. Amma na ƙasa ni ban ga dalilin zuba ma ruwa tsami ba, mu da ke ban ruwan albasa da motopom ina za mu kai kuɗin tsami? Ƙasa ake gyarawa. Taki na dabbobi wanda ya ruɓe da kyau, da yawa, kowace shekara, sannan in ka samu sulfat na amoniyom ka sa shi madadin ire, yana sauke ƙasa sannu sannu. Kuma in kuna watsa toka cikin fangali don ƙwari ku bari, toka hawar da pH take yi, mutane da yawa ba su sani ba. Abu guda da ba wanda ya hwaɗi, ka duba bakin fangalinka in ya bushe, in akwai hwarin ɓawo kamar kanwa to gishiri ne, shi kuma tsami ba ya hidda gishiri, sai ruwa mai yawa ya wanke shi ƙasa da hanyar da zai hita.

MaiGarka_Tawa:
Allah ya saka da alheri, na gode ƙwarai. Baba, toka kam muna sawa, daga yau an bari. Hwarin ɓawon ban gani a ƙasa ba, sai bakin leda da tiyo. Teknisiyan, waɗanda suka riga suka yi ɗorawa fa, za su dawo ko in sake sabon iri? Kuma na batir ɗin ba ka ce komi ba.

Teknisiyan_Adar:
Kar ka zubar da su Malam. Ganyen da ya riga ya yi hwari ƙwal ba lalle ya dawo ba, kai dai ka sa ido ga wanda zai toho bayan ka fara sabon ruwan, cikin sati ɗaya zuwa biyu ya kamata ya hito kore. In kana son sauri ka tambayi masu saida kayan noma takin ƙarhe mai rubutun EDDHA, garin ja ne mai duhu, shi yana aiki ko pH na sama, mai rubutun EDTA kuwa da ya wuce 6,5 ya fara lalacewa, kar a haɗa ka da shi.

Na batir asid sulfurik ne. Wanda aka juye daga tsohon batir akwai dalma cikinshi, guba ce mai taruwa a jikin yara, ko ɗigo kar ya shiga garka. Sabo ma da ake saidawa a kwalba ba don abinci aka yi shi ba kuma yana cin hwata da tufa, ga tano biyu ba ka da buƙatarshi. Tiyon kuma ka cika shi da ruwan tsami mai ƙarhi da marece, ka toshe ƙarshen ya kwana, da sahe ka buɗe ka kora da ruwa, amma ka janye shi daga layin salati kahin ka yi. In akwai hali ka kai kwalbar ruwan da ƴar ƙasa ɗakin awo na INRAN, cibiyar binciken noma ta ƙasa, a Yamai, ka ce a duba maka bikarbonat da gishiri, ka kawo lambobin nan mu lissafa tare.