Mota na ƙara kamar fito in an ba ta wuta: wa ya taɓa gamuwa da haka?

Isuhu, Tawa: Assalamu alaikum ƴan uwa. Kat-kat gare ni mai shan gazwal, mai turbo, wato na'urar da ke tura ƙarin iska cikin moter. Sati biyu ke nan, da na ba ta wuta sai wata siririyar ƙara ta taso kamar yaro na fito, fiii, ina ɗaga ƙafa ta yi tsit. Ranar da na taso daga Yamai, ina wuce Dogon Dutsi na ji ba ta ja kamar da, ga baƙin hayaƙi duk lokacin da zan wuce babbar mota. Da ƙyar na kai Ƙonni. Wani mai gyara ya kasa kunne minti biyu ya ce turbo ya mutu, a sayo wani. Da motar nan nake ci da iyali, shi ya sa na kawo kukana nan.

Alhaji Mamman, Yamai: Wa alaikumus salam. Malam Isuhu, don Allah kada ka saya tukuna. Abin da ya same ni bara ke nan, har na fara cigiyar turbo a kasuwar Katako. Ashe dirit ne, wannan kakkauran tiyon roba da ke kai iska daga turbo zuwa radiyatan sanyaya iska, ya tsage ta ƙasa inda ido ba ya kai. Turbo ba ya tura iska da ƙarfi sai mota ta ɗauki nauyi, shi ya sa a tsaye ba ka jin komai, sai a bisa hanya. Iskar na tserewa ta tsagar, gazwal ya yi wa moter yawa, hayaƙi ya yi baƙi. Mun gane wurin ne da wani danshin mai da ƙura ta manne a kai, faɗinsa bai wuce tafin hannun jariri ba. Na matsa robar da yatsa, sai ga bakin tsagar ya buɗe.

Hajiya Rabi, Yantala: Tawa ƙarama ce mai esansi, kuma nata kukan da safe ya fi yawa, ko in na kunna kilim, na'urar sanyaya cikin mota. Mai gyara ya yayyafa ruwa a kan kurwa, wato bel ɗin robar nan da moter ke juyawa, lokacin moter na aiki, ƙarar ta ɗauke na ɗan lokaci ta dawo. Aka canza kurwa, bayan kwana huɗu ta sake. Daga baya aka gano rulman, wato zoben ƙwallayen ƙarfe da taya ke juyawa a kai, na ƙaramar tayar da ke ɗaure kurwar ne ya bushe. Na yi kuɗi biyu a banza, abin ya ci min rai.

Abdu mai taksi, Harobanda: Ni lokacin hunturu ne, na kai a hure min filtar iska saboda ƙura, yaron garaji ya bar maƙalli ɗaya na murfin a buɗe. Kwana uku ina jin fito. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne duk kwanakin nan ƙura na shiga moter kai tsaye.

Lawali bakanike, Tawa: Alhaji ya faɗi gaskiya. Malam Isuhu, ka sa ta a fuwan mor, wato ka fitar da ita daga giya, ka ja birkin hannu, ka ba ta wuta a tsaye. In ƙarar na hawa da sauka tare da moter, a duba kurwa da rulman alternater, na'urar da ke cajin batir. In sai kan hanya take yi, ka kai gudun da take kukan ka ɗaga ƙafa: in ƙarar ta ɗauke nan take, to hanyar iska ce ko turbo, in ta ci gaba, wataƙila iskar waje ce, a duba robar gilashi ko abin ɗora kaya na bisa. Turbon da ya mutu da gaske kukansa kamar jiniyar motar asibiti yake, mota ta riƙa shan mai, hayaƙi ya yi shuɗi-shuɗi. Kuma ba da kunne ake yanke masa hukunci ba. A kashe moter ya huce, a cire tiyon gaba, a taɓa farfelar da ke cikin turbon da yatsa. In tana girgiza har tana gogar bango, sannan a yi zancen saye. Hajiya, shi ya sa in na cire kurwa nake juya kowace taya da hannu kafin in sa sabuwa.

Isuhu, Tawa: Alhamdu lillahi. Da safen nan muka buɗe kafo tare da Malam Lawali. Kolye ne, zoben ƙarfen da ke matse bakin dirit, ya sassauta, robar ta zame, gefenta ya ɗan ci. Mun sa sabon kolye, aka yanke wurin da ya lalace, na je Badagishiri na dawo ban ji komai ba, hayaƙin ma ya tafi. Ya taɓa farfelar a gabana, tana nan daram. Ya ce robar ta tsufa, zafin Tawa ya busar da ita, in canza ta kafin in sake kama hanyar Yamai. Alhaji Mamman, in ka san inda ake samun mai kyau a nan wajenku, a taimaka min da kwatance. Allah ya saka muku da alheri.