Injin matse kwali da roba: ɗaurin roba yana kumburowa

Mai Kwalin Singa:
Assalamu alaikum. Ina tara kwalaye daga shagunan kasuwar Singa, sai robobin ruwa da na lemo da 'yan jari-bola ke kawo min. Kwanan nan na sayi injin matsewa ɗan Kwatano, irin na tsaye. Kwali yana ɗauruwa lafiya lau. Robar ce ta gagare ni, da ƙarfen dannawa ya ɗaga sai ta kumburo, wani lokaci har wayar ɗaurin ta tsinke. Ga kuma yarona yana cewa a ɗaure makunnin ƙofa don injin ya riƙa aiki ƙofa a buɗe, wai ya fi sauri. Masana a taimaka.

Bakaniken Sharaɗa:
Wa'alaikumus salam. Alhaji, maganar yaron nan ta fi ta robar girma. Kada ka yarda. Makunnin nan shi ke hana ƙarfen saukowa ƙofa a buɗe, kuma abin da ke danna kaya da nauyin tan-tan bai san bambancin kwali da hannun mutum ba. In abu ya maƙale, kashe maɓalli kaɗai bai isa ba. A kashe daga babban makunni, a sa kwaɗo, makullin yana aljihun mai gyaran. In ƙarfen yana sama a tokare shi, don yana iya zamewa ko babu wuta.

Ita kuwa roba iska ce ke damunka. Gora mai murfi ba ta lotsewa, iskar ciki ce ke matsuwa, da an sake ta sai ta dawo. A cire murafen ko a huda gorunan kafin a zuba. Murfin ma ba irin robar gorar ba ne, ana sayensa daban. Ka riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kana dannawa, ka baza kayan kada su taru gefe guda, sannan a ɗaure waya ƙarfen yana danne, ba bayan ya ɗaga ba. Shimfiɗa kwali ƙasa da sama ma yana riƙe ɗaurin.

Ɗan Dakata:
Ka sa ido kan buhunan da yara ke kawowa. Gwangwanin maganin sauro da na turare, da batirin waya, suna iya fashewa ko su ta da gobara. A juye buhu a ƙasa a tsince tukuna.

Mai Kwalin Singa:
Allah ya saka da alheri. Wani abu kuma, in na koma janareta motar lantarkin da ke jikin injin tana ƙara amma ƙarfen ba ya motsi.

Bakaniken Sharaɗa:
Da alama an juya layin wuta. Injin mai layi uku ne, in layi biyu suka sauya wuri mota na juyawa baya, famfo ba ya tura man da ke motsa ƙarfen. Kada ka bar shi yana gudu haka, famfon zai lalace. Kira mai gyaran wuta ya duba kibiyar da ke jikin motar, wadda ke nuna ɓangaren da ya kamata ta juya. In ka ga tiyo na yoyon mai, kada a laluba da hannu, man na iya huda fata. A kara guntun kwali a wurin, zai nuna inda ya fashe.