Wa ke shan ruwa kyauta a birni?

Mai Koke: Assalamu alaikum jama'a. Yau raina a ɓace yake. Birni na ta faɗaɗa, kullum sai an yanka sabuwar unguwa, amma bututun ruwa yana nan inda aka shimfiɗa shi tun garin bai kai rabin haka ba. Mu da ke awon igiya a jarka muke saye, kuma litarmu ta ninka ta mai famfo tsada. Yara 'yan firamare ne a layin burtsatse tun asuba, bokiti a ka, har a kaɗa ƙararrawa ba su ɗiba ba. Manyan unguwanni kuwa da ruwan gwamnati ake wanke mota da ba fulawa ruwa, kusan kyauta. Tallafin da ake cewa na talaka ne bututu yake bi, bututu kuma bai san ƙofar talaka ba. Wanda ya isa ya musa.

Alhaji: Wa alaikumus salam. Malam, ka janye kalmar "kyauta". Duk wata sai an kawo mana bil, ko famfo ya kawo ruwa ko iska kawai ya hura. Wane ne ya sha kyauta?

Injiniya: Ranka ya daɗe, abin da kuke biya bai kai kuɗin alam da kulorin da wutar tura ruwa ba. Duk abin da ka karɓa ƙasa da kuɗin samar da shi, ragowar kyauta aka yi maka.

Alhaji: To ni na sa kuɗin? Ku 'yan hukumar ruwa ne kuka sa.

Malama: Ni ban ga laifin kyauta ba. Ranar 28 ga Yuli 2010 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince cewa ruwan sha mai tsabta da makewayi haƙƙin ɗan Adam ne. Afirka ta Kudu ma a 2001 ta fara ba gidaje lita 6,000 a wata ba ko sisi. Ruwa ai daga sama yake saukowa.

Injiniya: Malama, ƙudurin bai ce kyauta ba, cewa ya yi mai sauƙin kuɗi. Ruwan sama kyauta ne, amma tacewa da bututu da injin da zai kai shi tudu, wani ne ke biya.

Malama: Ɗazu kai ka ce masu kuɗi kyauta suke sha. Yanzu da aka zo kan talaka sai kyauta ta zama haram?

Alhaji: Duk wannan surutu ne. A damƙa wa kamfani kawai. A 1997 aka raba ruwan Manila, babban birnin Filifin, gida biyu, gabas da yamma, aka ba kamfanoni, kuma a gabashin birnin unguwannin talakawa da yawa sun samu famfo.

Kwamared: Ka faɗi gabas ka ɓoye yamma, inda kamfanin ya faɗa cikin bashi. Ina Cochabamba ta Bolibiya? A 2000 kuɗin ruwa ya yi tashin gwauron zabo, jama'a suka fito, aka harbe yaro ɗan shekara 17, dole aka soke kwangilar. Darussalam ta Tanzaniya ta kori nata kamfanin a 2005. Birnin Paris ya karɓe ruwansa daga hannun kamfanoni a 2010. Ku dai duk inda aka ce riba sai yawunku ya tsinke.

Alhaji: Yaro, ka iya bakinka. Ni ba sa'anka ba ne.

Kwamared: Hujja na kawo, Alhaji, ba shekaru ba.

Injiniya: Ku duba Phnom Penh ta Kambodiya. Hukumar ruwanta ta gwamnati ce. Lokacin da Ek Sonn Chan ya karɓi ragamarta a 1993, kusan kashi 72 cikin ɗari na ruwan yana salwanta ta yoyo da haɗin bayan fage. Ya sa mita a kowane gida, ya matsa wa manya sai sun biya, asarar ta sauko ƙasa da kashi 10.

Alhaji: Albashinka kake karewa. Bututu zai fashe a bakin titi, ruwa ya yi sati yana malala, ba wanda zai leƙo.

Injiniya: Ka taɓa ganina a wurin aiki? Ka janye.

Nas: Don Allah ku saurara. Duk kun bar zancen masai. A unguwa mai cunkoso rijiya da masai taku kaɗan ne a tsakaninsu, da damina ta kama sai kwata ta cika ta shiga gidaje. Mu ne muke karɓar yaran, ido ya faɗa, fatar ciki in ka ja ba ta komawa, muna neman jijiyar ƙarin ruwa da ƙyar. Tun 1854 likita John Snow ya gano cewa famfo guda ne ke yaɗa kwalara a wata unguwa a Landan. A unguwar Orangi ta Karachi a Pakistan, daga 1980, mazauna lungu ne suka riƙa haɗa kuɗi suna shimfiɗa ƙananan magudanai, hukuma ta ɗauki manyan. Me zai hana a yi haka?

Kwamared: Gaskiya ne Anti, amma bari Alhaji ya fara amsa min zancen Cochabamba.

Malama: Shi ma Injiniya bai amsa min ba.

Shugaban Zaure: Jama'a, ya isa haka. Abin da na fahimta: an yarda ba wanda ke shan ruwa kyauta, kuma Alhaji ya nuna da misalin Manila cewa hukuma ta gaza, kamfani ne mafita. Sauran misalan na ƙasashe ne masu nasu yanayin daban. Kwamared, a riƙa girmama na gaba.

Mai Koke: Shugaba, wa ya yarda? Manila ma ai wata ƙasa ce. Ni tambayata ɗaya ce kuma ba wanda ya taɓa ta: yaushe bututu zai iso unguwarmu, kuma wa za mu riƙe in bai iso ba?