Me za mu kira "saiteshan" da Hausa?

Mai tambaya: Jama'a, assalamu alaikum. An ba ni fassarar tarihin wani masanin ƙwaƙwalwa da tsufa, za a karanta a shirin lafiya na rediyo nan Kano, amma kalma ɗaya ta riƙe ni tun hantsi. Turawa na cewa "saiteshan", wato duk lokacin da wani mai bincike ya kawo sunan aikinka cikin nasa, sai a ƙirga maka ɗaya. Da wannan ƙirgen ake auna nauyin masani. Na fara rubuta "kafa hujja". Ya zauna?

Wani malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, "kafa hujja" ta yi wa abin girma. Ai wani yakan kawo aikinka ne don ya rushe shi, kuma na'urar ƙirge ba ruwanta, ɗaya za ta rubuta maka. "Manazarta" kuwa jerin nan ne na ƙarshen takarda. Ni dai "ambato" nake gani. Wanda ya yabe ka ya ambace ka, wanda ya zage ka ma haka.

Wani almajirin zaure: Malam, "ruwaya" fa? Mu a karatu mukan ce wane ya ruwaito daga wane.

Malamin Hausa: Mai ruwaya maganar yake ɗaukowa da isnadinta. Masu bincike kuwa sau da yawa sunan mutum da shekara kawai suke jefawa su wuce.

Mai tambaya: To, ambato ya karɓu. Saura ma'aunin da Jorge Hirsch, masanin fiziya a Kalifoniya, ya kawo a 2005. Idan aka ce masani yana da 40, ma'ana yana da takardu 40 waɗanda kowacce an ambace ta aƙalla sau 40. Takarda guda da ta yi tashe ba ta ɗaga shi, tarin takardun da ba mai dubawa ma haka. Na sa masa "mudun ambato". Sai kuma kalmar "imfak" da Turawa suke haɗawa da wannan ma'auni, wadda na fassara da "tasiri".

Wata likita: Ƙanina, a nan ne zan sa baki. Kada ka ce tasiri. A fanninmu, cikin takardun da aka fi ambata akwai ta Folstein da abokan aikinsa ta 1975, ɗan gwaji ne mai maki 30 na gano ruɗewar tunani. An ambace ta sau dubun dubata, saboda duk wanda ya yi awo da ita dole ya faɗi inda ya samo mudun. A ciki ana sa tsoho ya faɗi shekara da wata, ya riƙe sunayen abubuwa uku, ya dinga cire bakwai-bakwai daga 100.

Na taɓa gwada wa kakarmu a cikin gari, lokacin da gigin tsufa ya fara taɓa ta. Na tambaye ta shekara, ta ce in tambayi masu kalanda. Batun cire bakwai kuwa harara kawai na samu. Amma da aka shigo da gero, tana daga kan tabarma ta ce tiyar nan ba ta cika ba, kuma da aka sake awo gaskiyarta ce. Bayan la'asar sai ga ta tana cigiyar mijinta da ya rasu tun muna firamare. Wanda ya ji "tasiri" a rediyo zai ɗauka an ce aikin masanin ya kawo wa irinta sauƙi, alhali lissafin bai auna wannan ba. Yawan jin sunansa a bakin 'yan'uwansa masana ya auna.

Malamin Hausa: To a ce "amo", Likita. Amon bincike. Ganga ma amonta na kaiwa nesa.

Almajirin zaure: Amo ba zai yi kama da surutu ba? Kar masanin ya ji an ce da shi gangar wofi.

Mai tambaya: Yaya Likita, na goge tasiri. Na rubuta "yawan ambato" da "mudun ambato", amo kuma na sa shi da fensir. Ƙarfe huɗu za a ɗauki shirin, in akwai mai kalmar da ta fi amo ya turo kafin azahar.