Shagon gem: in nemi faifan PES 2021 ko in sauke eFootball?

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na kama ɗan shago a unguwarmu, PS4 uku nake son zubawa. Abin da ya ɗaure min kai: in nemi faifan PES 2021, ko in sauke eFootball tunda kyauta ne? Babu intanet a shagon, yaran unguwa kuma junansu suke karawa, biyu-biyu. Wanda ya taɓa riƙe shago ya taimaka da shawara.

Castolo: Wa alaikumus salam. Wanda bai buga PES 6 ba bai san ƙwallo ba. 2006, Adriano na Inter, ƙarfin bugu 99, tun daga nesa yake sakar wa gola wuta. Ka nemi PS2 ka huta.

Ɗan Kurna: Yaya, PS4 fa na ce.

Baban Ummi: Ƙanina, ɗauki faifan. PES 2021 ne na ƙarshe da Konami ta yi a tsohon tsari, da Master League (tsarin da kake riƙe ƙungiya kaka bayan kaka) a ciki, ba ya cin data. Da eFootball ya fito ƙarshen Satumban 2021 sun sauya injin wasan daga Fox zuwa Unreal, ƙungiyoyi 9 kacal, fuskokin 'yan wasa kamar an zana su da gawayi, har sai da kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. An gyara abubuwa da yawa daga baya, amma don mai intanet aka gina shi. Dubu 12 na sayi nawa faifan.

Tsohon Mai Shago: Ku bar zancen faifai, na'urar ce abin tsoro. Shekara biyu na riƙe shago. Wani mai kayan gem, sahu ɗaya muke sallah da shi, ya ba ni PS4 biyu, ya rantse ba a taɓa kwance su ba. Sati uku ɗayan ya fara ruri kamar injin markaɗe, ana tsakar wasa ya mutu, yara su ce sai na mayar musu da kuɗinsu. Mai gyara ya buɗe a gabana: noti biyu babu, fanka ta cushe da ƙura, ga kyankyaso a soye a ciki. Na mayar masa, wai zafin garinmu ne. Yaron da na bari a shagon kuma, ashe rabin cinikin aljihunsa yake shiga. Ƙarshenta injin ɗinkin matata aka sayar na biya haya. Har yau idan muka haɗu a masallaci shi ke fara miƙo hannu.

Ummu Sadik: Allah ya mayar maka da alheri, Malam.

Minanda: Baban Ummi, wace shekara ka sayi faifan dubu 12? Makon jiya dubu 25 aka ce min, an ƙi ragi.

Na Layin Kuka: An cuce ka. Dubu 18 yake, kuma masu ɗura wasa a cikin na'ura ko rabin haka ba sa karɓa.

Castolo: Danna masa sama sama ƙasa ƙasa hagu dama hagu dama B A, ko farashin zai sauka. A Contra, tsohon gem ɗin Konami, dai wannan lambar sirri rai 30 take bayarwa 😂

Na Layin Kuka: Ni eFootball nake bugawa kullum, lafiya lau yake yanzu. Tsofaffi ne kawai ke kukan zamanin Winning Eleven, sunan PES a Japan.

Baban Ummi: A waya kake bugawa, yaro. Ana zancen shago kana zancen taɓa gilashi da yatsa.

Na Layin Kuka: To Baba, kai shago nawa ka riƙe? Mutum ɗaya ne nan ya riƙe, shi ma ga yadda ta kaya.

Minanda: Ku daina mamakin Konami. Da haya da gyaran akwatunan kiɗa suka fara a Osaka a 1969, inda kuɗi yake can suke fuskanta. Kamfanin da ya soke gem ɗin Silent Hills ya rabu da mai ƙirƙirarsa Kojima a 2015, PES ne zai ji tausayinsa?

Tsohon Mai Shago: Duk wannan labari ne. Wa ya lissafa masa man janareta? Talabijin uku, na'ura uku, fanka, a wutar da ake kawowa sai kowa ya yi barci. Ranar da ka sha lita biyar ba ciniki za ka gane.

Ummu Sadik: Mu ma kwana huɗu ke nan ba mu ga ƙyallinta ba, amma takardar kuɗi ba ta makara. Kuma don Allah idan an buɗe shagon a riƙa korar yara lokacin Islamiyya.

Castolo: Sola ce mafita. Nawa ake haɗa ta yanzu?

Ɗan Kurna: Jama'a, faifan dai, in saya ko in bari?

Minanda: Wace irin sola, mai batir nawa?