An gayyace ni kiɗan Bach a tsohuwar cocin Leipzig, wa ya taɓa zuwa?

Hauwa_Jamus:
Salam jama'a. Abokiyar karatuna ta ce lallai sai na raka ta cocin Thomaskirche a Leipzig wajen lokacin Ista, wai za a yi wani dogon kiɗa na Bach, Bajamushen nan mai rubuta kiɗa, da mawaƙa da makaɗa cike da wuri. Tambayata, ibada ce ko shagali ne kawai? Kuma me ya sa sai a coci alhali garin na da babban zauren kiɗa? Ta ce ma ba makirfo ba lasifika, to na baya ya zai ji? Don Allah wanda ya sani ya yi min bayani kafin mu sayi tikiti.

Malam Bitrus:
Ƙanwata, in wajen Ista ne to ɗaya daga cikin biyu ne, Matthäus-Passion ko Johannes-Passion, wato labarin shan wahalar Almasihu daga Bisharar Matiyu ko ta Yohanna, da Jamusanci ake rerawa. Kalmomin na addini ne, wannan kam ki sani tun yanzu, amma wanda ake shiga da tikiti ba sujada ba ce, ba wa'azi, ba wanda zai ce ki tashi ko ki durƙusa, zama kawai za ki yi ki saurara. Batun me ya sa a coci kuwa, ai nan ne asalin gidan wannan kiɗan. Bach ya yi aiki a nan daga 1723 har rasuwarsa a 1750, shi ke koyar da yaran ƙungiyar mawaƙan cocin, ƙungiyar da take nan tun 1212 har yau. Ta Matiyu ɗin a cikin ginin nan aka fara rera ta, kuma ƙasusuwan Bach ma suna ciki, an dawo da su a 1950 bayan yaƙi ya rushe cocin da aka fara binne shi.

Injiniya_Sule:
Bari in amsa na lasifikar don fannina ne. Ginin dutse mai dogon rufi baya shanye sauti, yana ta mayar da shi ne daga bango zuwa bango. A zauren kiɗa mai kyau sauti kan ɗauki kamar daƙiƙa 2 kafin ya mutu, a manyan coci-coci kuwa yakan ninka haka har fiye, shi ya sa yaro ɗaya zai buɗe baki muryarsa ta cika wurin duka. Kuma masu rubuta kiɗan sun san da haka, da ginin suke lissafi, suna barin ɗan shiru bayan babbar gaɓa don amsa-kuwwar ta gama zagayawa. A cocin San Marco ta Venice tun ƙarni na 16 masu rubuta kiɗa irin su Gabrieli ke raba mawaƙa gida biyu suna amsa wa juna daga ɓangarori, kamar dai mai bayarwa da 'yan amshi sai dai kowane ɓangare rundunar kansa ne. Ta Matiyu ma haka take, mawaƙa kashi biyu makaɗa kashi biyu, wannan ya yi tambaya wancan ya amsa, abin da wayar kunne ba za ta taɓa ba ki daidai ba wallahi.

Anti Rahila:
Injiniya ka faɗi daɗin ka ɓoye wahalar. Ni dai ra'ayina zaure ya fi wajen jin kalmomi, a coci in makaɗan goge suka ɗau sauri sai komai ya cakuɗe musamman in kana nesa ko bayan ginshiƙi. Hauwa, 'yata, ki duba taswirar kujeru da kyau, masu arha yawanci ba a ganin komai daga nan, kuma a wannan cocin mawaƙan suna can sama ne a baranda kusa da ogan, wato babban kayan kiɗan coci mai bututu, yawancin mutane jinsu suke ba ganinsu ba. Benci na katako ne kuma ta Matiyu na kaiwa kusan awa 3, ga sanyin bango, ki sa rigar sanyi ki bar ta a jikinki. Ki kashe waya gaba ɗaya, tari ma ana jinsa har ƙarshen coci balle takardar alewa. Kada ki tafa in an ɗan tsaya a tsakiya, a ƙarshe ma ki jira ki ga abin da mutane za su yi, don a irin wannan wasu lokutan shiru ake tashi.

Malam Bitrus:
Anti ta yi gaskiya kan tsawon. In kina so ki gwada tukuna, yaran na rera gajeren shiri da ake kira Motette ranakun Juma'a da yamma da Asabar da rana in ba hutun makaranta ba, kamar awa guda, kuɗin shiga kaɗan ne. Sai dai shi wannan akwai addu'a da ɗan jawabin fasto a ciki.

Hauwa_Jamus:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Awa 3 a kan katako kuma, lallai! Anti, ana yin hutu a tsakiya ko a jere ake yi? Kuma takardar kalmomin da suke rabawa akwai fassarar Turanci a ciki?