Sifili ne a ciki, amma JavaScript ya ce babu komai

Assalamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Ina haɗa wa yayana ɗan shafin lissafin kayan shago da JavaScript, yaren shirya shafukan intanet. Akwai mazubin da na sa wa suna adadi, shi ke riƙe yawan katan ɗin da suka rage. Na rubuta if (adadi) don kada a adana gurbin da ba a cike ba. Jiya sabulu ya ƙare, Yaya ya sa 0, shafin ya ce bai rubuta komai ba. Sau uku yana gwadawa, da ya gaji ya sa 1 don ya wuce. Yanzu lissafi na nuna katan ɗaya da babu shi a shago. A ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam. Wannan ramin duk mun faɗa shi. Layin naka ba "akwai abu?" yake tambaya ba, "gaskiya ne?" yake tambaya. Su kuwa 0, NaN (wato ba lamba ba), false, null, undefined (waɗannan biyun na nufin babu komai a mazubi) da rubutun da babu harafi ko ɗaya, duk ƙarya ne a wurin JavaScript. Rubuta adadi == null, alamar daidai biyu. Null da undefined kaɗai zai tare, sifili ya wuce abinsa.

Amsa ta biyu: Dakata tukuna, malam. Abin da ke fitowa daga gurbin fom rubutu ne ba lamba ba, kuma "0" a rubuce gaskiya ne. Mai tambaya, tunda naka ya maƙale, ka riga ka juya shi zuwa lamba da Number ke nan. To Number idan ka ba shi gurbi wayam, 0 yake mayar maka. In ka bi shawarar sama kawai, ranar da yayanka ya manta bai cike ba, shafin zai ce kaya sun ƙare alhali suna jibge. Duba rubutun kafin juyawa: share sarari da trim, in ya zama "" ka tare shi, sannan ka juya.

Amsa ta uku: Ka leƙa ko ka sa alamar || wajen ba da lambar madadin, shi ma yana haɗiye sifili. Alamar ?? da ta shigo JavaScript a 2020 ba ta haka. In kuma yaren PHP ne a bayan shafin, ka kiyayi umarninsa na empty, har "0" yana ɗauka wofi.

Mai tambaya: Wallahi Number ɗin ne, na gyara. Na gode. Katan ɗin sabulun dai Yaya ya ce ni zan biya.